Ƙasar da Tsoho Laogen Ya Kwanta a Kai

"Nainai, kin ci abinci?"

"Baƙin ciki na ci da safe, har yanzu bai sauka ba. Kai fa, ɗan zomo, ka gama tone kakanka?"

Haka Fulai da kakarsa suka gaisa a bakin igiyar da aka kewaye gonarsu da ita. Tun da masu binciken kayan tarihi suka sauka a ƙauyenmu, rabin samarinmu suka ajiye fartanya suka koma tura baro, har da Fulai. An yanka gonar alkamar gidansu gida-gida kamar filin dara, ana sauka a hankali: baƙar ƙasar noma, sai rawaya, sai wata mai toka cike da tsingaro. Can ƙasa aka ci karo da tsohuwar ganuwa wadda mutanen dauri suka daɓe, kuma ba ta tashi bi ta ko'ina ba sai ta ƙarƙashin kabarin tsoho Laogen, mijin tsohuwar. Dole aka tashe shi. Jiya aka kwashe ƙasusuwansa a ƙarƙashin rumfa don kada rana ta gan su, gobe za a binne shi a maƙabartar kan tudu.

Abu biyu suka rage, kamar yadda muke yi in an tashi kabari. A jefa farin lobo, wani tushe mai kama da karas, a ramin, tushe ya maye gurbin mutum. A kuma ɗebi ƙasar da akwatin ya kwanta a kai, a ƙunshe a jan ƙyalle ta bi mamacin, kada ya je sabon wuri ya zama baƙo. Duka biyun Fulai ta ɗora wa.

Ya zaro lobon daga aljihun rigarsa ya miƙa mata. Ta juya shi, ta auna shi da ɗan yatsanta.

"Wannan jelar ɓeran ce za ta maye gurbin mijina? Mutumin da sai da ƙarti shida suka yi nishi kafin su ɗaga shi?"

"Jiya ni kaɗai na ɗauke shi, Nainai, da hannu ɗaya. Ya rame. Da alama ko a can ba ki aika masa abin kirki."

Ta ce duk shekara tana ƙona masa kuɗin takarda na aika wa matattu da zai ishe shi sayen gari guda, in ya rame to caca ya koma. Fulai ya ce ai shi ya sa aka same shi kwance a kan ganuwa, ƙoƙarin tsallakewa yake ya gudu tun kafin ta iso. Ta kai masa duka da lobon, ya goce.

"Bakinka kamar na kakanka, aikinka kamar na jaki. Je ka jefa."

"In na jefa, gobe su tono shi da buroshi, su ɗauke shi hoto, su ce lobon sarki ne mai shekara dubu uku. Ke ma ki matsa daga bakin igiyar nan. Jiya Malama Pei ta tsaya tana kallonki, na ji tana tambaya ko daga wane rami aka fito da ke."

Malama Pei ita ce shugabar aikin. Tsohuwar ta ce in dai za a sa ta a akwatin gilashi a birni, a riƙa share mata ƙura, ta yarda, don ya fi zama da jikan da ko wanke ƙafarsa bai iya ba. Daga nan Fulai ya gaya mata gaskiya, cewa Malama ta amince a ajiye lobon a kusurwar ramin zuwa faɗuwar rana, sannan a cire. Tsohuwar ta taɓe baki, ta ce wato mijinta ya samu magajin wuni ɗaya. Ta mayar masa da lobon. Sai ta warware jan ƙyallen da ke ɗaure a wuyan hannunta, ta shimfiɗa shi a tafinta.

"To zuba min ƙasar."

Fulai ya sosa ƙeya. Ya ce ƙasa ai ƙasa ce, ga ta nan ko'ina, har a kunnenta akwai.

"Ba ta kunnena na tambaye ka ba."

Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauka. Jiya da aka ɗaga akwatin, in ji shi, sai ga tsingaro shimfiɗe a ƙarƙashi, manne da kan ganuwar, Malama ta roƙi a dakata kada a taɓa sai an auna. Yau da safe aka sa shi ya shiga ya kankare wurin da cokalin gini. Yana cika bokiti ana janyewa sama, shi yana zaton gefe ake ajiyewa. Kafin ya fito, matan rariya sun tankaɗe ta, sun tsince tsingaron, an juye sauran a kan tsibi. Ya nuna mata da haɓa. Tsibin ya fi rufin gidansu tsayi, ƙasar gona uku ce a ciki, kuma har a lokacin baro na hawa yana juyewa.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon tsibin. Sannan ta zauna a kan wani bokiti da aka kife.

"Shekara talatin da wani abu yana ɗumama wurin nan," in ji ta. "Kun tankaɗe shi kamar garin taliya. Fasasshiyar tukunya kun san ramin da ta fito, kun san hawan da ta kwanta. Mijina ne kawai ba a san inda aka zubar ba."

Fulai ya gwada jan ta da wasa. Ya ce tsoho ai ya ci riba, yanzu ya cakuɗu da manyan mutanen da. Ya ce ko ya ɗebo mata daga saman tsibin, wataƙila a dace. Ta ce ba za ta shimfiɗa wa mijinta ƙasar gonar gidan Qiao ba, mutanen da ya mutu yana shari'ar iyaka da su. Ta ce gonar ta tafi, kabarin ya tafi, ita ma in ta mutu kan tudun can za a kai ta, inda ko tsuntsu bai san sunanta ba, kuma ta iske mutumin da ta dogara da shi yana yawo bai san makwancinsa ba. Tana magana tana ninke ƙyallen ƙanana-ƙanana.

Fulai ya sunkuyar da kai. Sai ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. Ya zauna a ƙasa ya tuɓe takalmansa na roba, ya kifa su. Ɗanyar ƙasa baƙa ta cike duk tsagogin tafinsu, don tun safe a ramin yake tsaye, kuma daga can ya hauro kai tsaye wurinta. Ya karyo ɗan kara, ya karɓi ƙyallen daga hannunta ya buɗe a cinyarsa, ya shiga sakato ƙasar tsaga bayan tsaga. Ya karkaɗe ta gwiwoyin wandonsa ma a ciki. Duka ba ta cika tafin hannu ba.

"Ga ta, Nainai. Ita ce, ba a tankaɗe wannan ba."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta kai hanci, ta kawar da fuska.

"Wari take."

"Da babu gara ba daɗi."

"Wato mijina zai kwana har abada a kan warin ƙafarka."

"Zai dai san gida yake."

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya, ta share ido da bayan hannu. Ta ƙulle ƙyallen tam, ta cusa shi cikin rigarta ta wajen ƙirji.

"Ƙafafun kakanka ma haka suke," in ji ta. "Ba zai ɓata ba."