An Kori Kaka Daga Zaure

"Lafiya lau, ɓarawon waya. Ka zo duba ko na mutu ne ka gaji cajata?"

"Ina kwana kawai na ce, uwargida. Wa zai gaji cajar da aka ɗaure da tsumma?"

Kaka ta harari jikanta Dogo daga kan kujerarta ta roba, ba ta ce ya zauna ba. Shi ne mai kula da zauren dangi na waya, kuma shi ya fitar da ita ranar da ta tura sanarwar rasuwar ƙanen mijinta. Ita ma turo mata aka yi. Dangi suka kwasa da kuka, suka je suka tarar da mamacin a ƙofar gida yana yanke farce. Ta yarda an sha kunya, amma korar ta zo mata a mummunan lokaci. Autarta na can nesa da tsohon ciki, bayan ɓari biyu, kuma in ta kira ta sai dai ta ji "lafiya lau". Gaskiyar halin da ake ciki a zauren take fitowa, ita kuwa tana waje. Abin yana cin ranta.

"Dangi sun yi shawara," in ji Dogo, ya zauna a bakin gado ba tare da izini ba. "Labari uku zan ba ki. Ki ware na gaske da na ƙarya, in mayar da ke."

"Ni za ka yi wa jarrabawa? Ni da na wanke maka kashi?"

"Shi ma wannan labarin ban tabbatar da shi ba. Akwai shaida?"

"Uwarka na nan da ranta, mara kunya. Kunna mu ji."

Ya danna wayarsa. Wata murya ta cika ɗakin, tana rantsuwa cewa duk wanda ya amsa kiran wata jar lamba, wayarsa za ta tsotse masa jini, a tura wa mutum goma don Allah.

Kaka ta taɓe baki. A watan jiya da tuni ta tura wa ashirin, amma wannan ba abin faɗa wa Dogo ba ne.

"Ƙarya. Ya rantse har ya gaji, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi na wanda aka tsotse ba."

"Ikon Allah, tsohuwa ta yi karatu. Na biyu: gobe za a ɗauke ruwan famfo, za a gyara babban bututu."

"Ƙarya."

"Me ya sa?"

"Daga bakinka ya fito."

"Kin faɗi. A rediyo aka sanar, har an liƙa a kanti. Ke da kin ce komai gaskiya ne, yanzu kuma komai ƙarya. Haka ake yi?"

"To ka cika min randa kafin ka tafi, tunda tsawonka ba ya amfanar kowa."

Ya yi dariya, amma ta lura dariyar ba ta kai ciki ba. Yana ta juya wayar a hannu, yana satar kallonta. Yaron nan yana ɓoye wani abu, tun shigowarsa ta gani.

"Na uku," ya ce, ya miƙo mata.

Hoton jariri ne a cikin farin zane, fuska a murtuke. A ƙasa an rubuta cewa auta ta sauka da safen nan, namiji.

Kaka ta matso da wayar kusa. Ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Tana so ta yarda, tana kuma tsoro, don ta taɓa yin murna da wuri ta dawo tana kuka.

"Na ji an ce yanzu na'ura na ƙera jariri har da gashin ido," ta ce a hankali. "Kai kuma ba abin da ba za ka iya ba."

"Gaskiya ko ƙarya, uwargida? Lokaci na tafiya."

"Ya tafi. Ba zan ce komai ba sai na ji daga bakin mai abin. In kuwa wasa ka yi min da wannan, Dogo, ba ni ba kai."

Ta jawo tata wayar, ta kira. Aka daɗe ba a ɗauka ba. Can sai ga muryar auta, a gajiye: "Mama." Kafin ta ƙara wata kalma, wani siririn kuka ya tsaga maganar.

Kaka ta rufe fuska da gefen mayafi. Dogo ya jira har ta gama godiya ga Allah ta ajiye wayar.

"Kin ci," ya ce. "Amsar ke nan, a kira a tambaya. Ni na roƙa a bar ni in kawo miki albishir ɗin. Ga shi na mayar da ke zaure."

Ta share ido, ta gyara zama.

"Saura nawa labarin. Daga yau na sallame ka, na yi sabon miji, ɗanye shar, ba ya korar mutane. Gaskiya ko ƙarya?"

Dogo ya dubi hoton, ya dube ta, ya fashe da dariya.

"Wannan kam gaskiya ne, na ji muryar angon da kunnena. Ina bokitin yake?"