Rasuwar Hoton Jirgin Gawayi na Tashar Kafanchan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar wa kowa da kai ba, Baba Nicholas Kazah na Kafanchan, tsohon mai gyaran keken ɗinki, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har ma da waɗanda suka daɗe suna yi masa dariya a bayan ido, rasuwar amininsa kuma malaminsa, tsohon hoton jirgin gawayi. Rai ya yi halinsa ne ranar Talatar da ta wuce, a wani shagon buga takardu da ke bakin kasuwa.

Marigayin ya girmi mai shi nesa ba kusa ba. Ba a san wanda ya ɗauke shi ba, an dai san a tashar Kafanchan aka haife shi, a zamanin da jirgin kudu da na arewa ke haɗuwa a nan, gari yana kwana yana tashi da usur. A fuskarsa akwai kan jirgi mai tururi yana shan ruwa a gindin tanki, da taragu biyu da rabi, da dutsen Kagoro can nesa dishi-dishi, sai kuma hannun mutum a tagar injin, riƙe da shebur. Hannun mahaifin Baba Nicholas ne, mai zuba wa jirgin gawayi. Duk duniya babu sauran hoton mutumin sai wannan hannu, kuma baƙon da ya taɓa cewa ai hannu hannu ne, har yau ba a sake miƙa masa kujera a gidan ba.

Marigayin mai gaskiya ne, ba ya ƙari, ba ya ragi. Da koyarwarsa Baba Nicholas ya gina tashar gaba ɗaya a kan teburi, a ɗakin baya. Da tsinken tsintsiya yake auna ƙafar jirgin a jikin hoton, sannan ya yanka ta a gwangwanin madara. Layin dogo na wayar keke ne, tanki murfin kwalbar turare, dutsen kuwa tsofaffin jaridu da sitaci. Idan ya yi kuskure marigayin ba ya faɗa, sai dai ya yi ta kallonsa har ya ɓalle ya sake. Haka kuma bai taɓa shiga rigimar da ba tasa ba. Shekara da shekaru Alhaji Ja'afaru mai tireda, wanda shi ma ɗan ma'aikacin reluwe ne, yana rantsuwa jirgin kore ne, Baba Nicholas yana cewa baƙi ne wuluk. Marigayin, da yake baƙi da fari ne, ya tafi da sirrin bai kunyata kowa ba.

Mutane sun ce hoto ba ya magana. To, su dai ba su ji ba. Baba Nicholas ya sha jin "cuku-cuku, cuku-cuku" yana tashi a hankali daga takardar, sannan dogon "fuuuu" idan an kusa gada, kuma ko kunu kaɗai ya sha yana ji, don haka kada a ce burkutu ce.

Ciwon ajali ya fara ne da damina. Danshi ya fito masa da ƙuraje a gefen tanki, kyankyaso kuma ya gutsire rabin taragon nan da ya rage. Roseline, autar gidan, ta ga lafiya tana ja baya, sai ta yi abin da kowane ɗan arziki yake yi wa takardar haihuwa da ta makaranta: ta ɗauke shi a ɓoye ta kai a manne shi cikin leda, don ya dawwama. Na'urar ta yi zafi fiye da kima, ta haɗiye shi ta riƙe. Mai shago ya ja, na'urar ma ta ja. Kalmarsa ta ƙarshe "ƙirrr" ce, ya fito a nannaɗe kamar ganda. Baba Nicholas ya yi kuka, kuma bai shiga ɗaki ya ɓoye ba. Ya yafe wa Roseline nan take, domin ƙauna ce ta kai ta. Mai shago kuwa, sai dai ya ci gaba da addu'a.

Ana neman afuwar jama'a, ba za su ga fuskar marigayin a fosta ko a riga ba kamar yadda aka saba. Mai buga fosta ya nemi hoton mamaci, aka yi cirko-cirko, domin hoton ba shi da hoto. Baba Nicholas bai taɓa barin kowa ya haska shi da waya ba, a cewarsa hasken waya yana tsotse tsohon hoto. Masu jiran ya yi da-na-sani su nemi wuri su zauna, jiran zai yi tsawo.

Marigayin ya bar ɗa guda, kan jirgi na gwangwani mai aiki da injin tsohuwar rikoda, wanda bai taɓa zagaya teburi a gaban jama'a ba. Ya bar taragun kwalin ashana, da tankin da ke jiran tsani, da wani ɗan hannu na tsinken ashana da aka riga aka dasa a taga. Ya kuma bar Mama Afiniki, uwargidan Baba Nicholas, wadda ba ta bari an yi kwana uku ba ta shiga ɗakin baya tana auna bango da taku.

"Baban Roseline, abin ya mutu, ka bar shi ya huta," in ji ta. "Citta na yana waje, ruwa yana dukan shi. Ka fitar da tebur ɗin nan."

"Hoto ne ya mutu, ba ido na ba," in ji Baba Nicholas. Daga nan sai aka ga yana huda ƙaramar ƙofa a jikin dutsen jarida.

Ga tsarin jana'iza. Ranar Juma'a da yamma za a yi waƙoƙin yabo a tsakar gida. Ba a karɓar ta'aziyyar da ta fara da "ai dama", kuma wanda ya kawo hoton jirgin wata ƙasa a waya wai a yi maneji, ya koma da abinsa. Alhaji Ja'afaru zai faɗi tarihin marigayin, da sharaɗin ba zai ambaci launi ba.

Ranar Asabar jirgin gwangwanin zai ɗauki gawa a tarago na farko, ya tashi ƙarfe huɗu daidai, agogon reluwe, ba na biki ba. An daɗe a garin nan ba a ga wanda jirgi ya tafi ya bari ba, masu makara za su dawo mana da wannan tarihi. Zai bi ta gindin tanki, ya haye gada, ya tsaya a dutsen Kagoro na kan teburi, inda za a sa marigayin a rufe da sitaci, a kafa gicciye na tsinke.

Ana gayyatar Mama Afiniki ta zauna a kujerar gaba, ta fara zuba ƙasa da hannunta. Ita 'yar gida ce, ta fi kowa sanin al'ada: inda aka binne mutum, wurin ya zama nasa har abada, kuma ba a taɓa jin an ta da kabari don buhun citta ba.