Ɗan Hajiya Ne

Ko da zan manta da ranar aurena, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban wani gilashi a Abuja, wata Baturiya ta yi min tambayar da ɗan yaye ma zai iya amsawa, ni kuwa da furfurata na tsaya ina murza bakin hijabi. Duk unguwarmu an san an hana ni biza, amma kaɗan ne suka san dalili. Wanda ya tambaya sai in ce masa, "Allah ne bai yi ba." Gaskiya ne Allah bai yi ba. Sai dai ni ma ban yi ba.

Bari in fara da yaron. Shi ne na fari a wurina, kuma sunan mahaifin maigidana aka sa masa. Duk wadda ta tashi a wajenmu, nan ƙauyukan Bakori, ta san kunya biyu ke nan aka ɗora min lokaci guda, ta ɗan fari da ta suruki. Ana yaye shi uwar mijina, Hajiya, Allah ya jiƙanta, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunansa ba. In zan aike shi sai in ce "kai", in zancensa ya taso sai in ce "ɗan Hajiya". Shi kuma ya buɗi ido ya ji ƙannen ubansa suna ce min Yaya, sai ya bi sahu. Har yabona ake yi a gidan biki, wai a matan gidan nan babu mai alkunya irin tawa. (Ni kuwa daɗi nake ji, ina ƙara sunkuyar da kai don a ƙara yabon.)

Allah ya ba shi kan karatu. Daga Funtua ya wuce Zariya, daga Zariya aka tura shi ƙasar Turawa, ya gama suka riƙe shi aiki. Duk Juma'a yana kiran ubansa a waya su yi ta hira, har farashin taki sai sun taɓa. In aka miƙo min, iyakarmu gaisuwa.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya sanyi?"

Sai in mayar wa Malam, maigidana, wayarsa da sauri kamar na riƙe garwashi, in koma bayan ƙofa in kasa kunne.

Ana nan sai ciwon ƙoda ya kama shi. Da farko ya ɓoye mana, sai da aka fara yi masa wankin ƙoda sannan ya faɗa wa ubansa. Wata Juma'a, farkon damina, ya ce Malam ya ba ni wayar ya ɗan ba mu wuri. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya ce, "Yaya, ina so ki zo. Ke nake so in gani." Tun da na haife shi bai taɓa roƙona ko ruwan sha ba. Na ce, "To." Ita ce kaɗai kalmar da ta fito.

A Funtua akwai wata baiwar Allah mai shagon kwamfuta kusa da tasha, sunanta Nkechi, amma kowa Ladi yake ce mata. Ubanta Inyamuri ne mai sayar da kayan mota, ita kuwa a nan aka haife ta, Hausar bakinta ta fi tawa gishiri. Ita ta ɗauki ɗawainiyar takarduna. Ta duba ta ce bizar da ta dace da ni ita ce ta ziyara da yawon buɗe ido. Ni ce fa mai yawon buɗe ido, ni da ban taɓa wuce Zariya ba, ita ma asibiti na je.

Ladi ba ta bar komai ba. Ta sa aka yi min fasfo. Hoto sai da muka sake shi, saboda na farko na ja hijabin har gira, na kuma kalli ƙasa. Ta ce dole fuska ta fito fili, bango fari, ido cikin ido da na'urar. Ta tura ni allurar rigakafi na karɓo kati. Yaron ya aiko takardar gayyata da ta asibiti. Ta hana ni ƙunshi, wai lalle yana hana na'urarsu karanta yatsa, har bikin 'yar ƙanwata na je da hannu fari kamar mai takaba. Sannan ta zaunar da ni a benci tana yi min tambayoyi irin nasu.

"Mama, abin da suke so su tabbatar shi ne za ki dawo."

"To in ban dawo ba wa zai duba min awaki?"

"Yauwa! Haka za ki ce musu. Me za ki je yi?"

"Dubiya."

"Wa za ki duba? Mene ne sunansa?"

Na ce, "Ke Ladi, ba ki da ta-ido. Ba ke kika rubuta da hannunki ba?"

Ta yi dariya har da buga tebur, ta ce, "Mama ke nan, Hausawan dauri!" Ni ma na yi dariya, muka wuce tambaya ta gaba. Sau da yawa ina komawa kan bencin nan a zuciyata.

Ranar da aka sa mana, Malam ya raka ni Abuja. A bakin ofishin jakadancin aka tsayar da shi, aka ce mai ganawa kaɗai ke shiga, ko waya ba a shiga da ita. Ya zauna gindin wata bishiya da carbinsa, ya ce, "Ki natsu dai." Ban san yadda zan ƙara natsuwa a kan wadda nake da ita ba. Ita ce ma ta kai ni ta baro.

Ciki sanyi kamar randa. Aka ɗauki hoton yatsuna da ƙyar, don surfe da ɓarar masara sun cinye zanen, sai da na goga su a goshi. Sannan na bi layi. Abin da Ladi ba ta sani ba, ballantana ta faɗa min, shi ne ba ɗaki ake shiga a rufe ƙofa ba. A tsaye ake yi, gaban gilashi, muryar Baturiyar tana fitowa ta lasifika, duk wanda ke layi yana jin komai. A bayana kuma wani dattijo ne, farin gemu, farar hula, dogo siriri. Wallahi ina waiwayawa gabana ya faɗi, kamar surukina ne ya taso daga kabari ya bi layin biza.

Da na ce ba na jin Turanci sai aka kira tafinta, wata budurwa mai Hausar Kano. Ta gaishe ni da ladabi ta ce, "Mama, duk abin da kika faɗa shi zan faɗa mata, ba ƙari ba ragi. Dokar aikin ke nan."

Tambayoyin farko sun zo da sauƙi. Na faɗi sunana, na faɗi garinmu, na kawo zancen awaki har Baturiyar ta yi murmushi. Na ce a raina ashe abin ba wuya.

"Ta ce wa za ki je dubawa?"

"Yaron nan."

"Wane yaro?"

"Wanda ya aiko takardar."

"Ta ce mene ne sunansa?"

Sunan yana nan a kan harshena. Na iya rubuta shi ma, don shi na fara gwadawa a ɓoye lokacin da muke ajin yaƙi da jahilci, in rubuta a ƙasa da tsinke in share da ƙafa. Amma sai na ji numfashin dattijon nan a bayana. Na nuna takardar da yatsa na ce, "Ai ga shi nan a rubuce."

"Mama, daga bakinki take son ji."

"Mai sunan Malam Babba ne."

Yarinyar ta juya shi da Turanci. Murmushin Baturiyar ya tafi. Ta dubi kwamfutarta, ta dube ni.

"Ta ce ɗanki ne?"

Shekara talatin da wani abu bakina ya saba da amsa guda, sai kawai ta fito da kanta ba tare da ta yi shawara da ni ba.

"Ɗan Hajiya ne."

"Wace ce Hajiya?"

"Uwar maigidana."

"To ta ce ƙanin mijinki ne ke nan? Don a takarda an rubuta ɗanki."

Kun san me na yi? Dariya. Irin 'yar dariyar nan ta kunya, na ja hijabi na rufe baki, kamar a gidan suna ake zolayata. Tafintar ta zaro min ido, ta ce a hankali, "Mama, don Allah." Baturiyar ta ɗaga mata hannu alamar ta tsaya kan aikinta. Ta sake ba ni dama, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba.

"Ta ce wa ya haife shi?"

Na dubi ƙasa na ce, "A ɗakina dai aka haife shi."

Wani a layi ya kasa riƙe dariyarsa. Da ta tambayi yawan 'ya'yana kuma, na lissafa na tsallake shi kamar yadda na saba, lissafina ya gaza na takarda da mutum ɗaya. Tafintar ta nemi izini ta yi bayani, na ga tana ta magana har da hannu. Baturiyar ta saurara, ta buga wani abu a kwamfuta, ta turo min fasfona ta ƙasan gilashi tare da wata takarda.

Ga inda na fi jin kunya in na tuna. Ni na ɗauka an gama ke nan, an ba ni. Na rusuna har ƙasa na ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya raya zuri'a." Sannan na juya ga yarinyar na ce, "To 'yata, yaushe ne jirgin?"

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Mama, ba a ba ki ba. Ta ce amsoshinki ba su yi daidai da takardunki ba."

Ina wucewa dattijon ya ɗan sunkuyo ya ce, "Baiwar Allah, ai da kin faɗa. Ni ban ma san surukin naki ba."

Na fito na ba Malam labari. Muka hau mota, muka wuce Kaduna, sai wajen Zariya ya yi magana, yana kallon taga. "Sunan ubana ne. Da kin tambaye ni, da na ce na yafe miki." Ladi kuwa hannu ta ɗora a ka. "Wayyo Mama! Na koya miki komai ban da wannan. Ni na ɗauka wasa muke yi!" Ta zauna nan take ta sake nema min rana, amma ranar da ta samu sai bayan kaka.

Juma'a ta zagayo, ya kira. Ubansa ya riga ya faɗa masa. Na karɓi wayar ina jiran faɗa ko fushi, sai na ji yana dariya, dariya har ta koma tari, na ji wata ma'aikaciyar asibiti tana yi masa magana.

"Yaya, wai ɗan Hajiya? A gaban Baturiya?"

Na ce, "Kai dai bari."

"A ɗakinki dai aka haife ni?"

"Ka ji ka, za ka ƙara wa kanka ciwo."

Ya mayar da numfashi. Sannan ya ce, cikin wasa, amma na san ba duka ne wasa ba, "To yanzu ba Baturiya, ba layi. Faɗi in ji."

Malam yana zaune a bakin ƙofa. Ƙannensa suna tsakar gida. Na buɗe baki, na rufe. Na ce, "Allah dai ya ba ka lafiya."

Ya ce, "Amin, Yaya."

Masara ta fitar da gemu ba ta kai ga bushewa ba aka kira Malam a waya, aka ce yaron ya rasu. Can aka binne shi, Musulmin garin suka yi masa sutura, wani abokinsa ya turo mana hoton kabarin a waya, ciyawa kore shar a kewaye kamar gonar shinkafa. Da ranar ganawa ta biyu ta zo ban je ba. Fasfon yana ƙasan akwati, fes, ko tambari ɗaya babu. Matan da suka zo gaisuwa suna ta cewa, "Kun ga haƙuri, ko kuka ba ta yi a gaban mutane." Aka sake yabona.

Yanzu in na ji wata a unguwa za ta nemi biza, ko Umara ce ko dubiya, da kaina nake zuwa gidanta. In ce ta bar ƙunshi, ta duba kwanakin fasfonta, ta ɗaga kai a hoto. Sannan in ce ta faɗa min sunan ɗanta na fari, da ƙarfi. Sai ta rufe baki tana dariya, ni kuma in zauna, ba na tashi sai ta faɗa. Har sun fara cewa tun rasuwar ɗan Hajiya kunyata ta ragu. Ba raguwa ta yi ba, na dai gane ba a shiga da ita ofishin biza, a bakin ƙofa ake barinta tare da waya.

Ni kuma na koya, a makare kamar karatuna. Yanzu kullum bayan sallah ina faɗinsa, ba ya maƙalewa ko kaɗan, sai dai babu mai tambayata. Sunansa Abdulmumini. Ni na haife shi.