Turke Na Arba'in Da Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bokona ya kusa raba mahaifina da aikinsa ba.

A unguwar Waziriyya, can ƙasa mai tsarki, muke zaune lokacin, ban daɗe da gama sakandare ba, ina ganin duk gidan babu mai kai sai ni. Baba yana aiki da wani kamfanin gini a tashar wutar lantarki ta bakin teku. Hayaƙin tashar ya ishi mutane, aka ce za a girka ƙatuwar na'urar tace shi. Ƙasar wurin kuwa ruwa-ruwa ce, dole sai an kakkafa dogayen turakun kankare da gudumar inji kafin a ɗora komai a kai.

Aikin Baba ƙirga ne. Ana ja wa turke layi-layi da alli, shi kuma ya tsaya cikin rana yana ƙirga bugu nawa guduma ta yi kafin kowane layi ya nutse. A wannan aikin kunnensa na hagu ya mutu. Rubutunsa ba ya karantuwa, don haka ni ke kwafe masa da la'asar, ya sa hannu ya kai da safe. Ya sha ƙoƙarin yi min bayanin lambobin, sai in ce, "Baba, na gane, halas, shi ke nan." (Ban gane komai ba.)

Ranar na zo kan turke na arba'in da bakwai, na ga 28, 30, 31, sai kawai 6, 5, 7. Na ce tsufa ya fara, ya manta ukun gaba. Ina saurin zuwa gidan ƙawata a unguwar Aziziyya, na mayar da su 36, 35, 37. Ya sa hannu bai duba ba, don ya yarda da ni.

Ashe idan lamba ta faɗi haka, turken ya karye ne a cikin ƙasa. Baba ya riga ya faɗa da bakinsa, har an tsayar da aiki. Washegari takardarsa ta ce turke lafiya lau. Kamfani ya ce ko bakinsa ko takardarsa, ɗaya ya yi ƙarya. Su ne kafilinsa, masu tsaya masa a ƙasar, iƙamarsa ta izinin zama kuma saura wata biyu ta ƙare. Duk wannan bai gaya mana ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar Muhandis Usman, injiniya Bahaushen Sudan da ke shugabantarsu, ya zo har gida. Na kawo shayi, ina bayan labule na ji Baba yana cewa, "Hannuna ne a kai, laifin nawa ne." Haƙuri ba halina ba ne. Na ɗaga labule na ce, "Muhandis, kada ka ga laifinsa, ido ne. Da ban gyara masa ba ma, da shida da biyar za ka gani!"

Har da murmushina.

Baba ya sunkuyar da kai. Muhandis ya ajiye kofi a hankali ya ce, "Ya binti, 'yata, kin san mutum nawa za su riƙa aiki a ƙarƙashin abin da za a ɗora kan turken nan?"

Na tsaya da faranti a hannu, na kasa shiga, na kasa fita.

Ni na ɗauko takardun asali. Aka zaunar da ni aka bi duk abin da na taɓa kwafewa, layi bayan layi, har aka kira magariba. Nan kaɗai na taɓa. Aka kafa wani turken kusa da karyayyen, Baba ya ci gaba da aikinsa.

Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Da baƙon ya tafi sai ya ce, "Uwata, shidan nan da kunnen da ya rage min na ji ta."

Har yau ina da sauri da baki, ban canza ba. Amma idan na ga abin da bai yi min daidai ba a aikin wani, sai na tambaya tukuna, ko da kuwa rubutunsa ya fi na Baba muni.