Gilashin Dakta Sabi'u

Ni ke kula da ɗakin gwaje-gwaje a kwalejinmu ta Kazaure, kuma ina tinƙaho da cewa datti ba ya kwana a gabana. Rannan na tarar da wani ɗan gilashi a teburin Dakta Sabi'u, malamin kimiyya, ya dafe kamar mai tsatsa. Na ce a raina, masu digiri dai ba su san tsabta ba. Na samo soso da toka na dirje shi tas.

Da ya shigo na ce, "Dakta, na gyara maka gilashinka."

Ya ɗaga shi saitin taga, sai ya zauna daɓas. "Baba, ai tsatsar ita ce aikin. Shimfiɗar sinadarin ƙarfe ce, ta fi gashi siranta. A Turai na haɗo ta, don in auna yadda maganaɗisu ke karkatar da haske a cikinta."

Ko faɗa bai yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Binciken ya mutu, ƙarin girmansa ya bi shi.

Har yau in na doso, malamai sai su cire tabarau su sa aljihu, suna cewa, "Ga Sarkin Wanki nan."