Rasuwar Kyamarar da Ba Ta Ga Fuskar Baba Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko dai abin da ya rage a gurbinsa, nake sanar da 'yan ajinmu na koyon shirya fim rasuwar kyamarata, wadda aka fi sani da Tsohuwa.

A gwanjo na samo marigayiyar, kuma mai haƙuri ce. Ba ta taɓa yi mana gori ba, ko ranar da muka ɗauki mutum ya shiga ƙofa da hula, ya ɓullo cikin ɗaki kai ba hula. A kanta muka koyi cewa idan mutum biyu na hira kyamara ba ta tsallaka layin da ke tsakaninsu, in ba haka ba sai a ga kowa yana magana da bango. Maganarta ba ta wuce "ƙit" in ta fara aiki, "ƙit-ƙit" in ta gama.

Ciwon ajali ya same ta a falonmu, muna ɗaukar fim ɗina na kammala karatu: uba da ɗa suna hira a kan tebur. Na rasa 'yan wasa, sai na lallaɓa Baba ya fito a uban, ƙanena ya fito a ɗan. Malaminmu ya koya mana a gama gefe ɗaya kafin a juya kyamara. Hasken taga ya fi kyau a fuskar ƙanena, don haka muka fara da shi, ta bayan kafaɗar Baba.

Baba ya ce, "Wai ƙeyata ce jarumar fim ɗin nan?"

Na ce, "Yanzu za a zo kanka, Baba."

Na ɗaga ta zan juya ke nan, ta yi "ƙit" sau ɗaya, allonta ya yi baƙi. Mai gyara ya ce a ba shi lokaci. Na liƙa tef a ƙasa inda ƙafafun kujera suke, na yi wa kofi alama a inda shayi ya tsaya, na hana Baba aski don kada a ga bambanci. Ya yi dariya ya bi umarni. Da wannan sumar a kansa aka kai shi asibiti, kuma bai dawo ba.

Jiya mai gyara ya ce ita ma ba za ta tashi ba.

Ta rasu ta bar sandarta mai ƙafa uku, ɗaya a ɗaure da tsumma, da batura da caja, da katin memori mai ɗauke da ƙeyar Baba, kunnensa na hagu, da muryarsa. Kowa na ce mini in yi kuka in huta. Gaskiya har yanzu ban ji komai ba. Ga wanda ya yi mini tayin aron kyamararsa, na gode, a bar shi kawai.

Gobe da hantsi za a mayar da ita cikin jakarta, a ɗora ta saman kabad ɗin Baba. Masu zuwa ta'aziyya su zauna duk inda suka ga dama, ban da kujerar da aka yi wa tef. Don Allah kada a taɓa kofin. Ba mu ɗauki wannan gefen ba tukuna.