Maƙwabcin Tumba na Cikin Kwamfuta

Ɗana Tumba ya zo hutu da gem, wato wasan noma a kwamfuta. Wai ba na manyan kamfanoni ba ne, na matsakaita ne, irinsu sun fara dawowa. Ni ban ma san sun tafi ba.

Zai fita, ya nuna mini inda ake dannawa. “Mama, duba mini gona.”

Ni za a koya wa noma? Na ga rumbunsa cike, na maƙwabcinsa na cikin wasan wayam. Na kwashe na ba bawan Allah, har da iri.

Da Tumba ya dawo ya gani, ya ce, “Mama, wahalata duka! Zane ne fa, ba ya ci!”

“To me ya sa ya yi godiya?”

Har yau in mutum ya bayyana a talabijin, sai baban Tumba ya ce, “Tumba, rufe rumbu.”